Uban da Ke Dawowa a Shafin Ƙarshe

…kuma wai ta zaɓi ɗaya. Sai ka ce da wani bambanci. Malama Batulu tana zaune a aji ɗaya, yara sun tashi, littattafan hotunan nan biyu suna gabanta, mai jan bango da mai koren bango. Hedimasta Malam Sabo ne ya zo da su daga Birnin Kudu, ya ce ta duba wanda zai fi dacewa da yaran Gwaram. To, tana dubawa. Tun jiya take dubawa.

Mai jan bangon daga Ingila yake, an dai mai da shi Hausa. Takarda sumul, launi kamar a lasa. Uba ya shiga jirgin ƙasa, yaro yana ɗaga masa hannu, ya koma gida ya kwanta da karensa—kare a kan gado! Ta buɗe wannan shafin gobe, labari ya kai gidan liman, jibi rabin aji ya koma gona. Yaran da da ƙyar aka roƙo su. Mai koren kuwa na gida ne, baƙi da fari, tawada ta taru a nan ta gudu a can. A nan uban farke ne, ya ɗaura wa jakinsa kaya zai tafi Kurmi sayen goro. Jaki? Kunne na zomo, ƙafa ta barewa… wanda ya zana shi ya taɓa zuwa kasuwa kuwa? Yara za su yi ta dariya har su manta da baƙaƙen da ke ƙasa. Amma dai jaki ne, sun san shi. Wancan kare, wannan jaki, shi ke nan—

A'a, ba shi ke nan ba. Shafin ƙarshe. Duka biyun. Na jirgi ya sauko da akwati, na jaki ya shigo gari da huhun goro, yaro ya sheƙa a guje, hannu a buɗe. Kamar sun haɗa baki. Wani a Ingila, wani a Zariya, ba su taɓa ganin juna ba, amma kowa ya tabbata uba dawowa yake yi. Wa ya gaya musu?

Mijinta Badaru a motar katako ya tafi. Bakin kasuwa, samari maƙil za su shiga soja, yana leƙowa yana dariya, wai kafin a yanke gero ya dawo. 'Yarsu A'i tana goye a bayanta, ko yaye ba a yi ba… An yanke gero, an sake yankewa. Yaƙi ya ƙare. Na ƙauyen Maruta ya dawo da ƙafa ɗaya, na ƙauyen Zandam ya dawo da rediyo. Nata fa? Ba gawa, ba takaba. Wani ya ce ya gan shi a bakin Kwara, wani ya ce a asibiti, wani ya ce ai aure ya yi a kudu—bakinsa ya sari ɗanyen kashi.

Ga shi A'i a wannan ajin take karatu. Bencin gaba, kusa da allo. Yaya za a yi? Ta ɗaga littafi ta ce, "Ba-ba ya da-wo," aji ya amsa da ƙarfi har makwabta su ji, yarinyar tana tsakiya tana amsawa? Masu rubutun nan ba su san an yi yaƙi ba ne? Ko a garinsu ba a yi ba?

A yage shafin. Littafin gwamnati? Kuma yara ba wawaye ba ne, za su ce Malama, ina sauran. A ce wa Malam Sabo duk ba su yi ba… zai cire tabarau ya ce ita kullum da ƙorafi.

Ita kuma matar cikin littafin! Ta Ingila tana bakin taga, ta gida tana ƙofar zaure. Shafi bayan shafi tana nan tsaye. Ba ta daka, ba ta jan ruwa, zanenta ba ya koɗewa. Ba ta da wa irin Maikuɗi, da zai zo duk ran kasuwa ya baje a tabarma yana cewa shari'a ta ba ta dama, ta je gaban alƙali a raba auren nan, ƙuruciya ba ta jiran kowa. Ba ta da suruka irin Inna Kaltume, wadda har yau take rufe wa ɗanta tuwo a akushi, ta dubi Batulu ta ce, "Ke dai ba ki gaji ba ko, 'yar nan?" A ce mata me? Ta gaji. Ba ta gaji ba. Ta littafi ba wanda ya tambaye ta, don wanda ya zana ta ya riga ya san ƙarshen.

Jiya da la'asar… ta tafi da su gida, ta manta su a kan tabarma. Tana tuƙa tuwo ta waiwaya, sai ga A'i rub-da-ciki tana buɗe mai jan bango. Muciya ta tsaya a hannunta. Shafi, shafi, har na ƙarshe. Yarinyar ta duba, ta ɗago. Malama take ce mata ko a gida.

"Malama, shi karen me ake ba shi ya ci?"

Kare. Ko kallon mutumin ba ta yi ba. A wurinta wani ne da akwati, ba ta san wata fuska da za ta ɗora masa ba. To wa ake ta karewa tun jiya? Wa?

Ba kowa a aji sai bencina. Ta gwada mana, ta ji inda muryar za ta karye. Tana ɗaga mai koren bango yadda take ɗaga wa yara, yatsa a ƙarƙashin baƙaƙe.

"Baba ya dawo."

Sumul ya fita. Ko rawa muryar ba ta yi ba, kamar ta ce ga akuya, ga tulu. Tun yaushe? Tana rufe ido, tana neman fuskarsa a saman motar nan… goshin… akwai wushirya, ko babu? Farken nan ne kawai yake ta zuwa mata, da fuskarsa da tawada ta cinye rabi.