Tubarkallar da Goggo Ba Ta Ce Ba

Fanka ta juya, 'yar fitila shuɗiya ta kama, allo kuwa ya tsaya baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Injiniya ta sake danna maɓallin. Fankar ta sake juyawa da ƙwazonta, allon ya ci gaba da kallon mutanen gida, su ma suna kallonsa.

Injiniya dai ba injiniya ba ce. A shagon buga katin gayyata take aiki, sunan kuma yayanta ne ya laƙa mata tun ranar da ta kwance rediyon Baba ta kasa mayarwa. Amma wannan karon da gaske take. Ta daɗe tana tattaro kayan kwamfuta, yau akwati, gobe fanka, jibi wayoyi, don ta riƙa zana katunanta a gida. Da safiyar nan ta ɗaure noti na ƙarshe, ta tara gida kaf a falo a ga tashin farko, sai ga kwamfuta ta watsa mata ƙasa a ido.

Nan take shawara ta ɓarke. Yaya, wanda direba ne, ya ce inji duk inji ne, a ɗan bubbuga ta a gefe, in ta ƙi a duba batir. Baba ya sauke tabarau ya ce a zamaninsu talabijin sai ta yi zafi take kawo hoto, a ba ta lokaci. Mama kuwa ba kwamfutar take kallo ba, Goggo take kallo.

Goggo yayar Baba ce. 'Ya'yanta biyu sun rasu, mijinta ya bi su, sai ta dawo ɗakin da ke jikin kicin da zama. Duk aikin haɗa kwamfutar nan ita ce mai riƙe tocila, ita ce mai tsintar notin da ya gangara ƙarƙashin kujera, ko da yake har yanzu talabijin take kiran abin. Da aka rufe akwatin ta shafa shi da tafin hannu ta ce, "Kai, abin nan ya yi kyau." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Da Goggo ta shiga ɗakinta, Mama ta yafito Injiniya zuwa kicin, ta yi ƙasa da murya.

"Da kunnena na ji. Ta yaba, ba ta ce tubarkalla ba. Kambun baka ne wannan."

Ta shiga kawo shaidu. Firiji ya mutu bayan Goggo ta ce yana sanyi. Jaririn maƙwabta ya yi zazzaɓi bayan ta ce ya yi ɓul-ɓul. Mama ta ce yau za ta yi wa Baba magana a kai Goggo gidan ƙaninsa ta ɗan huta. Injiniya ta fara dariya, sai ta ga Mama ba dariya take yi ba. Ta san irin hutun nan, ba a dawowa daga shi. Ta koma falo da niyyar ko ana ha-maza-ha-mata sai kwamfutar nan ta tashi kafin maganar ta kai kunnen Baba.

* * *

Injiniya ta canja soket. Ta canja wayar allo. Ta jona allon da akwatin talabijin, ya kawo hoto tangaran, har Yaya ya nemi a bar shi a tashar ƙwallo. Ta buɗe cikin kwamfutar ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, tana zarewa tana mayarwa, gumi na ɗiga daga haɓarta. Tana juya baya Yaya ya faki idonta ya sakar wa akwatin mari, ya ce shi dai ya sauke nauyi.

Can sai ga Mama da kofin ruwan tofi, za ta yayyafa. Injiniya ta kife a kan akwatin kamar kaza a kan ƙwai, tana roƙon a yayyafa mata ita a ka, in ya so albarkar ta gangara. Haka kuwa aka yi, ruwa ya bi mata wuya, Baba yana dariya har da tari.

Ba wanda ya lura cewa bangon kicin ba shi da kauri. Goggo ta fito daga ɗakinta sanye da mayafinta, ta ce za ta leƙa maƙwabta ta dawo. Ba ta kalli kowa ba, kuma ba ta tambayi yadda ake ciki da talabijin ɗin ba.

Fitarta da kaɗan Injiniya ta haska tocila da kanta, idonta ya sauka a kan memori, wani siririn falle da ake cusawa a raminsa. Gefe ɗaya ya zauna, ɗaya gefen ya ɗan ɗaga, maƙallinsa a buɗe. Mai shago ya ja mata kunne cewa abin ba ya son ƙarfi, ita kuwa ta lallaɓa shi har ya ƙi shiga. Ta kashe wuta, ta ɗora manyan yatsunta biyu ta danna. Ƙas.

Ta kunna. Kwamfuta ta yi 'yar ƙara, rubutu fari ya bayyana a allo.

Gida ya kaure. Yaya ya ce marinsa ne ya yi aiki, sai dai ya ɗan makara. Baba ya ce ai ya faɗa, zafi take jira. Injiniya ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, daɗi ya cika ta.

Mama ta kalli ƙofa, ta kalli allo.

"Kun dai gani. Tana fita, ta tashi."

Injiniya ta yi bayani. Ta zare memorin ta nuna allon ya koma baƙi, ta mayar ta nuna ya kawo. Mama ta gyaɗa kai ta ce ta gani sarai, amma wa ya ɗaure hannun yarinya mai hankali irinta har ta kasa danna abu guda? Sai a lokacin Baba ya gane inda aka dosa. Ya mayar da tabaransa, ya ce yayarsa ba inda za ta, kada ya ƙara jin zancen. Mama ta ɗauki kofinta ta koma kicin. Injiniya ta sauke ajiyar zuciya, a ganinta an gama.

* * *

Da la'asar Goggo ta yi sallama. Injiniya ta tashi da gudu ta kamo hannunta a bakin ƙofa, tana ba ta labari baki har kunne: laifin nata ne, ita ce ba ta danna ba, yanzu ga shi komai na aiki, ta zo ta ga katin farko.

Goggo ta yi murmushi, ta zare hannunta a hankali.

"Allah ya sa albarka, 'yar nan. Tunda ta tashi, bar ni kawai. Kada in kalla in ɓata miki."

"Goggo, wallahi ba ke ba ce."

"Na sani," in ji ta, da muryar wadda ba ta sani ba.

Ta ja gefen mayafinta ta kare fuskarta ta ɓangaren da allon yake, ta bi jikin bango tana laluben hanya da ɗaya hannun, har ta kai ɗakinta. Ta tura ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.