Ranar da Kujerar Inna ke Kife

"Ja da ƙarfi mana! Kitso kike yi wa jaririya?"

Inna Mai Kujera ce ke faɗa daga kan katifa. Numfashi na yi mata gardama, amma bakin nan yana nan daram. Auta, 'yar maƙwabtanta, na zaune a ƙasa, ta maƙale ƙarfen kujera tsakanin gwiwoyi, tana zura igiyar roba shuɗiya, ta ja, ta ɗaure. Ɗakin kuwa ba wurin sa ƙafa. Ƙarafan kujeru sun hau kan juna har kusan rufi, ga almakashi ɗaure da zare a ƙafar gado don kada maƙwabta su ara.

Sai ga Yayan Auta ya yi sallama, takalminsa na ƙyalli.

"Inna, ya jiki? Auta, tashi. Na samo miki aiki a shagon waya. Murmushi kawai za ki riƙa yi wa masu saye."

"Kawai," in ji Inna. "Ranar da murmushin ya ƙi zuwa fa, kai za ka ara mata naka?"

To, bari in gaya muku yadda abin yake. Auta ta yi aiki a kantin magani, ta yi a ofis, duk aka sallame ta, kuma dalilin ɗaya ne. Akwai safiyar da take farkawa kamar an ɗora mata buhun siminti a ƙirji, ko wanke fuska ya gagare ta. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba ta magani, tana sha ba fashi. Dangi kuwa suka ce son jiki ne.

Inna ta san ciwon tun kafin ta ji sunansa, don da shi ta tsufa. Shi ya sa ta zaɓi saƙar kujera, ta kuma kafa dokarta. Akwai wata tsohuwar kujera a ƙofar ɗakinta. In ka gan ta a tsaye, shigo a yi ciniki, a yi hira har ka gaji. In ka gan ta a kife, kada ka ƙwanƙwasa, kada ka yi sallama. Ajiye aikinka a jikin bango ka kama gabanka. Duk layin sun san wannan, har mai kwashe shara.

"Aikin nan ba na mai ilimi ba ne," in ji Yaya. "Mutane za su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama, a kan kujerata suke zama su faɗa." Inna ta yi tari mai tsawo, ta share baki. "Kai yaro, kujera ba ta korar mutum. In ka bar ta rabi yau, gobe rabi za ka same ta, ba ta kai ƙararka wurin kowa."

Auta ba ta ɗago ba. "Ba zan je ba, Yaya."

"Me kika ce?"

"Na gaji da ba da haƙuri a kan ciwon da ba ni na sa wa kaina ba."

Ya fita yana huci.

Kwanakin da suka biyo baya jikin Inna ya yi ta ja baya. Ƙafafu suka kumbura, ko shayi ba ta iya shanyewa. Wata yamma ta sa Auta ta kife mata kujerar, ta ce tana son shiru. Washegari da hantsi Auta ta leƙo, sai ta ga kujera a tsaye, a ɗan karkace, kamar wadda aka ja da ƙyar. Ta yi murna, ta shiga da kofin shayi.

Inna na kwance a gefen katifa, ta rufe ido, da ƙurar ƙofa a gwiwoyin zaninta. Rai ya yi halinsa. Auta ta ajiye kofin a hankali, ta durƙusa. Ta gane cewa rarrafawa tsohuwar ta yi ta tayar da kujerar, don kada dokarta ta hana a shigo.

Bayan an share makoki Yaya ya ce ai yanzu sai Auta ta haƙura da saƙar. Auta ta karɓi makullin ɗakin daga hannun mai gida, ta ci gaba da saƙa. Masu kawo aiki suka fara kiranta Mai Kujera, tana amsawa.

Ciwon bai tafi ba, kada ku zata. Wata safiya ya dawo da nauyinsa duka. Auta ta ja jiki ta kife kujerar, ta koma ciki ta kwanta, fuska ga bango. Can ta ji takun takalmin da ta sani ya tsaya a ƙofa. Ta jira bugun ƙofar, ta jira faɗan. Shiru. Sai wani ɗan ƙaran ƙarfe a jikin bango, takun ya juya ya tafi.

Da la'asar sakaliya ta buɗe ƙofa. Kujerar Yaya ce jingine a bango, wadda yake zama a kai ya karanta jarida, igiyoyin mazauninta duk sun tsintsinke suna reto a iska.