Sunan Ɗan Fari a Lasifika

Da alhazai suka watse, aka mayar da wani masaukinsu a unguwar Aziziyya ta Makka makarantar hutu ta 'ya'yan baƙi. Ranar ziyarar iyaye Mairama ta je da kular dambu da niyyar zama a kujerar baya, ta kalli ɗanta ta koma gida.

Malama Abir, Bahaushiya haifaffiyar Makka, ta ɓata mata shiri. Wai kowace uwa ta kira ɗanta a lasifika, ya fito ta rataya masa lambar yabo.

Mairama ta dafe kai. Yaron ɗan fari ne, kuma sunan surukinta ya ci. Shekara bakwai tana lallaɓawa da "Kai" da "Wannan", bakinta bai taɓa furta sunan ba. A Sakkwato wannan ita ce tarbiyya. A nan kuwa iyaye sai rangaɗa "Ya Rayyan, habibi!" suke, ko kunyar idon jama'a babu.

Aka miƙa mata lasifika. Ta gyara mayafi ta ce, "Kai, taho."

Yara tara suka miƙe.

"Sunanshi, ya hala," in ji Abir, wato "inna" da Larabci.

"Mai sunan Baba."

Biyar suka zauna, huɗu suka tsaya ƙyam, ashe kowane gida da Babansa. Mata suka fara ƙunshe dariya a mayafi.

"Wancan mai kunnuwan!" in ji Mairama.

Nan ma aka samu biyu, har suna jayayya.

Nata yaron dai bai motsa ba. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga. Mairama ta ji na kusa da shi ya ce masa da Larabci, "Miskin, mamarka ta manta."

Maganar ta soke ta. Ita da ta yi ta juya sunan nan a zuci tun yana ciki! Ta waiga hagu da dama ko akwai 'yar garinsu, ta ga babu. Ta kai baki dab da lasifikar ta yi raɗa, don a zatonta raɗa raɗa ce ko ina.

"HASHIMU!" Har masu shagunan ƙasan benen sai da suka ji.

Ya taho da gudu, ya ture kujeru biyu, ya rungume ta. Ita kuwa ta rufe fuska.

Ya ɗago kai, idonsa jage-jage da hawaye. "Ummi, wallah ashe kin sani! Ƙara faɗa."