Sabulu a Ramin Bis

Matata Habsa ce ta fara ji. Ranar da yayana Takawa ya maido moto daga kasuwar albasa, tana tsugune tana tankaɗe, ta ce, "Malam, muryar abin nan ta sauya. Kamar tana haki." Na ce mata mi ta sani a kan moto. Ashe kunnenta ya fi nawa.

Moton, wato babur, tsohuwa ce, ta babanmu, ta girmi ɗiyata Zulaihatu nesa. Ba ta da wata cuta sai guda. A jikin karbirato akwai ɗan ƙaramin bis, ƙusa mai murɗi, da ke daidaita iskar da ke shiga cikin mai. Saboda tsufa, bakinsa ya lashe, girgizar hanya kaɗai tana kwance shi. Makanise a Buza ya daidaita shi, ya sa mishi 'yar roba da ɗan waya mai tamke shi, ni kuma na narka ƙaro na toshe ramin. Duk wanda ya zo aro ina nuna mishi wurin da yatsa, in ce a bar shi yadda yake.

A garinmu ba a hana aron moto, balle ga yaya. Sharaɗi guda ne, ka maido mai yadda ka tarar. Shi ya sa masu aro ke son kwance bis ɗin iska, wai sai ta rage sha.

Zulaihatu za ta rubuta jarrabawar birbe, ta gama kwaleji, a Buza. Sauran yara sun tahi tun jajibiri sun kwana can a gidajen dangi. Ni na ce ta kwana gida ta ci tuwon uwarta, da sassafe ni zan kai ta da kaina. Da la'asar na wanke moto fes, har ƙarƙashin tanki, don kada ɗiyata ta sauka gaban ƙawayenta a kan abu mai ƙura.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Tana baya, riƙe da jakarta, tana ta maimaita karatu a kunnena. Muna fara hawan tudun duwatsu moto ta soma tari. Na ƙara mai, ta yi kuka, na saki kaɗan, ta mutu. Na taka har gumi ya jiƙa mini riga. Na duƙa na duba karbirato. Ramin bis a buɗe yake, babu bis, babu ƙaro. Na sa yatsa, na ji santsi. Na shinshina. Sabulu.

"Baba, rana ta hito," in ji Zulaihatu. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. In an rufe ƙofar lakwal, makarantar da ake jarrabawar, ba a buɗewa, sai baɗi, kuma uwarta ta riga ta ce baɗi ba za ta iya rasa hannu a gona ba.

Na feƙe itace na naɗe da tsumma na cusa a ramin. Ta tashi, ta yi baƙin hayaƙi, ta jiƙa buji mai ba ta wuta, ta sake mutuwa. Muka bi sawunmu baya muna duba ƙasa, a cikin tsakuwa, muna neman abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Can sai ga wata babbar mota ta albasa tana jan ciki. Na tsaya tsakiyar hanya. Direban ya ce zai biya ta wani ƙauye ɗaukar buhuna, amma Buza za shi. Na ɗora ta bisa kaya, na miƙa mata salulata, na ce ta kira wayar uwarta in ta isa.

Na turo moto har gida. Ban shiga ba, kai tsaye na wuce rumfar Takawa. Yana kishingiɗe yana shan shayi.

"Yaya, wa ya taɓa bis?"

"Ko sallama babu, Attahiru?"

"Salamu alaikum. Wa ya taɓa bis?"

"Gyara maka na yi. Tana shan mai kamar raƙumin da ya hito Azawak. Na ɗan buɗe mata hanci."

"Ina robar? Ina wayan?"

"Wannan 'yan tarkacen? Sun yi tsalle cikin rairayi. Ba su da wani aiki. Na maida bis, na liƙe da sabulu, ya kama ƙam."

"Ƙaro na sa, yaya. Ƙaro!"

"To ina zan samu ƙaro tsakiyar kasuwa? Har Tamaske na kai na komo, ba ta ce uffan ba." Ya kurɓi shayi, ya dube ni. "Kai dai ka wanke ta, ko?"

Na ce na wanke. Sai lokacin na gane ruwan ne ya narkar da sabulun.

"Ka ji! Wa ya aike ka wanke moto? Amarya ce?" Mutanen rumfa suka tuntsire da dariya.

Na ce mishi Zulaihatu tana bisa buhunan albasa yanzu haka, ita kaɗai, da direban da ban san sunansa ba. Dariyar ta tsaya. Takawa ya ajiye kofi, ya ce in Allah ya rubuta za ta rubuta. Na ce Allah ya rubuta, amma sabulun hannunsa ne ya sa. Ban taɓa ɗaga mishi murya ba sai ran nan. Ya ce in tuna wa ya goye ni. Na ce daga yau in zai tahi kasuwa ya nemi jaki.

Yanzu azahar ta wuce. Habsa ta kira ta kira, wayar a kashe. Maƙwabcinmu Umar, wanda ɗansa ya yi jarrabawar bara, ya ce a ƙofa ake karɓe wayoyi a kashe su, don haka alama ce mai kyau. Amma a kwarin da ke bayan tudun nan babu rezo, waya ba ta kamawa, kuma ban caja wayar ba jiya.

Ban sani ba ko ta shiga kafin a rufe ƙofa.