Haƙorin Tela

Tela yana da almakashi iri-iri a shagonsa, amma ba a taɓa ganin ya yanke zare da ko ɗaya ba. Da keken ɗinki ya tsaya sai ya kai zaren baki, ƙat, ya ci gaba. Shekara da shekaru zare yana cin haƙorinsa na gaba har ya yi masa 'yar hanya. Ran nan haƙorin ya gaji da aikin da ba nasa ba, rabinsa ya ɓalle ya faɗa aljihun wandon wani.

Tela bai damu ba. Auta ce ta damu, 'yarsa da za a ba digiri a ƙarshen wata.

"Baba, da wannan giɓin za ka tsaya kusa da ni a hoto?"

"Sai in rufe bakina."

"Kai ɗin? Ko a barci ba ka rufe shi."

Ta tasa shi gaba zuwa wurin likitar haƙori. Likita ta kwantar da kujera, ta haska fitila, ta daɗe tana leƙe.

"Baba, me kake ci da wannan haƙorin?"

"Ba ci nake yi da shi ba, aiki nake yi."

Ta goge guntun da ya rage, ta auna, bayan kwanaki ta kifa wa haƙorin hula fara, aka manne ta daram. Tela ya dubi madubi, ya shafa da harshe, ya ji sumul. Ransa bai so ba.

"Likita, ba za ki ɗan tsaga mini bakinsa ba? Kaɗan, daidai zare."

Likita ta ajiye abin da ke hannunta. "In ka ciji zare ya tsage, ba za a samu wani ba kafin ranar hoton. Ka ji ni?"

Auta ta sa shi ya yi alkawari a gaban shaidu. Matsalar kawai, baki ne ya yi alkawarin, hannu bai halarci zaman ba.

Washegari matarsa ta rataya masa ƙaramin almakashi a wuya. Ya yi kyau ƙwarai, kuma bai yanke komai ba. Keke na tsayawa hannu ya nufi baki. Mai aski, da shagonsa ke kallon nasa, ya ɗauki aikin gadi ba tare da an roƙe shi ba. Yana cikin aske mutum sai ya kwatsa ihu, "Tela, haƙori!" Wani ya tafi gida da rabin gira saboda wannan hidimar.

Matar ce ta samo mafita. Ta kawo takunkumi irin na asibiti ta ɗaura masa. Yanzu in hannu ya tashi, sai zare ya ci karo da ƙyalle, ya koma wurin almakashi a kunyace.

"Ikon Allah," in ji mai aski. "Lokacin giɓi kowa ya gani. An gyara kuma an ɓoye. Wai da gaske akwai haƙorin nan?"

"Ba na 'yan kallo ba ne," in ji Tela daga bayan ƙyalle.

Ranar hoto ta zo haƙori lafiya lau. Tela ya cire takunkumi, ya tsaya gefen Auta, ya washe baki tun mai hoto bai gama kafa kyamara ba. Can idonsa ya sauka a kafaɗar rigar digirin. Zare ne yake reto, dogo, aikin wani tela marar kunya. Almakashi kuwa yana gida, matar ta ce bai dace da babbar riga ba.

Ya kama zaren. Ya sunkuya.

"Malam!" in ji matar.

"Baba!"

Auta ta fizge zaren daga hannunsa, ta karkata kai, ƙat, ta tofar.

Tela ya dubi bakin 'yarsa da kyau, a haƙorin gaba ya hango 'yar hanya siririya ta fara fitowa.

"Digirin ma haka kika yi shi?" ya tambaya a hankali.

"Baba, kalli kyamara."

Ya kalla. A hoton nan duk haƙoransa sun fito, har na ciki da ba a gyara ba.