Duk Abin da Ba a Ɗaure Ba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Merv Hallam a bakin garejinsa, ya tafi da hannunsa na hagu da rabin ƙarfin ƙafar, babu ranar da ke ci masa rai irin Lahadin ƙarshen wata. Ranar ce 'yan kulob ɗin motoci na garinsu ke taruwa a tsohuwar gonar alkama da ke bayan rumbunan hatsi, inda aka shata hanya mai kwane-kwane da tsofaffin tayoyi, kwana ɗaya tana bin gefen dam ɗin gonar. Mota ɗaya-ɗaya ake shiga, kowa ya zagayo, agogo ya raba gardama. Da Merv aka shata hanyar nan. Shi ne kuma ya daɗe yana binciken motoci kafin a bar su su shiga, har yau in aka ambaci sunansa a wurin binciken sai ka ji wani ya ja tsaki. Yanzu lasisinsa ya tafi, motar tserensa an sayar wa wani mutumin garin Mildura. Sai dai ya zauna a baranda, in iska ta juyo ta kawo masa kukan injuna daga nesa, ya ji kamar gwalo ake yi masa.

Matarsa Glenys kuwa ba ta fasa zuwa ba. Shekara talatin da ɗoriya ita ce a rumfar abinci, tana soya albasa da naman soseji tana cusa wa direbobi a burodi. A da, duk sanda Merv ya gama zagayensa sai ya taho rumfar da hular kwano a hammata, ƙura har cikin haƙora, ya ce, "Kin ga yadda na sha kwanar dam ɗin nan?" Ita kuma ta ce, "Na gani," ta miƙa masa shayi.

Wata safiya suna karyawa ta ajiye kofinta ta ce, "Zan shiga wannan watan."

"Ki shiga ina?"

"Fili. Da motata."

Merv ya yi dariyar da rabin bakinsa kawai ke iya yi. Motar Glenys tsohuwar Korola ce fara, ta zuwa cefane da kai jikoki wanka a kogi, kuma Glenys ɗin mace ce mai kunna sigina ko a cikin gonarsu. Har ya buɗe baki zai faɗi haka, sai wani abu ya faɗo masa. A dokar kulob, sabon shiga yana da damar ɗaukar tsohon hannu a kujerar gefe ranar farko. Kujerar gefe ba sitiyari ba ce, amma tana cikin mota, motar kuma tana cikin fili. Ya dubi matarsa, zuciyarsa ta yi laushi irin wanda ya manta rabonsa da shi. Wato saboda shi ta ƙirƙiro wannan. Bai gode mata ba, don godiya ba ta cikin kayan aikinsa. Cewa ya yi, "To sai an canza man birki. Wanda ke ciki ya girmi jikarmu."

Haka aka shiga gyara. Merv a kan kifaffen bokiti a gareji yana nuni da sandarsa, Glenys kwance a ƙarƙashin mota tana haƙuri. Babu abin da za a ƙara wa injin, don ajin motocin gida za ta shiga, yadda kamfani ya ƙera su. Amma aka zuba sabon man birki, aka ɗaure batir tamau, aka manna 'yar shuɗiyar alama a bonet mai nuna inda yake, aka kafa tukunyar kashe gobara a gaban kujera da maɗaurin ƙarfe. Glenys ta so a sa na roba da ya zo tare da tukunyar, Merv ya ce in ta kuskura ta kai wa Rocco maɗaurin roba, shi da kansa zai kore ta. Rocco Zappia shi ne mai binciken motoci yanzu, kuma a hannun Merv ya koyi aikin.

"Sai kuma babbar doka," in ji Merv. "Duk abin da ba a ɗaure ba, waje."

"Na san ta, Merv."

"Ba ki san ta ba. Na taɓa mayar da mutum gida saboda lemo guda a ƙarƙashin kujera. Lemo ya gangaro ƙarƙashin birki a kwana, ke da ganin gida sai a makara."

"Na san labarin lemon ma. Matarsa ba ta gaishe ni ba har Kirsimeti."

Aka shimfiɗa tamfol, ta dinga fito da kaya. Safaya, jak, tabarmin ƙafa, jakunkunan cefane, laima, takalmin jika ƙafa ɗaya, maganin sauro. Da ta gama ta tsaya riƙe da ƙugu tana duban cikin motar, sannan ta dubi sandar da ke tsakanin gwiwoyinsa. Ta yi kamar za ta yi magana, sai ta juya ta ninke jakunkunan.

Koyon tuƙin a gonar maƙwabcinsu suka yi shi, bayan girbi, cikin kututturen alkama. A nan Merv ya dawo Merv. Yana kujerar gefe, wadda a motocinsu ta hagu ce, sanda a tsaye tsakanin ƙafafunsa, yana buga ta a ƙasan mota.

"Birki kafin kwana, ba a cikin kwana ba! Ki dubi inda za ki, ki daina kallon inda kike tsoro! Taka mana, Glen, ƙwai ne a ƙarƙashin totur ɗin?"

"In ka sake yi min ihu zan sauke ka a nan ka taka zuwa gida."

"Sai ki dawo gobe ki same ni a rabin hanya."

Ranar da bayan motar ya fara zamewa ta kama shi da kanta ba tare da ta saki totur ba, wata dariya ta kufce mata wadda Merv bai taɓa ji ba. Ya ɗauka daɗin faranta masa ne.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi Merv ya fi kowa saninsa. Duk wanda zai shiga fili, direba ko na gefe, sai ya nuna wa mai bincike zai iya fita daga mota da kansa cikin hanzari, ba wanda ya kama masa hannu. Ƙasarsu busasshiya ce, ciyawa kamar fetur, in wuta ta tashi ba a jiran kowa. Don haka kullum da yamma, in Glenys ta fita ba kaji ruwa, sai ya shiga motar ya gwada. Ya kwance bel da hannun dama, ya miƙa shi ta kan cikinsa ya buɗe ƙofa, ya ɗaga matacciyar ƙafar ya jefa waje, ya kafa sanda, ya yunƙura. Da farko har gumi yake yi. Kafin ƙarshen wata ya ƙware, har yana ganin wasu masu ƙafa biyu ma ba za su riga shi ba.

Ranar Lahadi suka isa fili da hantsi. Ƙudaje sun riga kowa zuwa. Aka yi ta zuwa gaishe shi, ana dafa masa kafaɗa ana ɗaga murya kamar kunnensa ne ya shanye. Wani ya ce, "Merv, mutumina, ka yi kyau!" Merv ya ce, "Kai kuma ka yi ƙiba." Glenys ta shimfiɗa tamfol a gindin wani itacen turare ta sauke kayan motar, suka shiga layi.

Rocco ya zo da hularsa mai faɗi. Ya girgiza batir, ya ja tukunyar gobara, ya taka birki, ya leƙa ƙarƙashin kujeru da tocila.

"Maigida, wannan aikinka ne. Ko gashin kare ban samu ba."

"Na san da wanda nake yi."

Glenys ta sa hular kwano ta zauna, Rocco ya ce wuta don gwajin fita, ta fito tsaf. Sai Merv ya zagaya ya shiga gefensa, ya sa tasa hular kwanon, ya ɗaura bel, ya gyara sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya ce, "To, ina jin ka."

Rocco bai ce wuta ba. Ya tsaya yana sosa wuya, yana kallon ƙasa.

"Maigida... sandar fa?"

"Me ta yi?"

"Ba a ɗaure take ba."

Merv ya dubi sandar. Wata guda yana buga ta a cikin motar nan, yana karanta wa matarsa dokar safe da yamma, bai taɓa kallonta a matsayin kaya ba. Ƙafarsa ce. Wa ke lissafa ƙafarsa cikin kayan mota?

"A hannuna take, Rocco."

"Mai lemon nan ma ya ce zai riƙe shi a hannu. Ina tsaye kusa da kai ranar. Ka tuna abin da ka ce masa?"

"To, a ɗaure sandar a baya," in ji Merv.

"In an ɗaure ta yadda kai za ka yarda da ɗaurin, ba za ka iya ciro ta cikin wuta ba. Ka yi haƙuri, maigida. Ka gwada babu ita. In ka fito, ni zan rufe maka ƙofar da hannuna."

Merv ya miƙa sandar ta taga, Glenys ta karɓa. Rocco ya ce wuta, a hankali kamar mai gaisuwar mutuwa. Bel ya kwance, ƙofa ta buɗe, ƙafa ta fita. Ya yunƙura, babu abin dogarawa. Ya kama ƙofar, ƙofar ta tafi da shi, ya koma ya zauna. Ya sake yunƙurawa har jijiyoyin wuyansa suka fito, gwiwar ta lanƙwashe, hular kwanon ta bugi bakin rufin mota. A karo na uku ya zube rabi a ciki rabi a waje, gwiwarsa cikin jar ƙasa. Mutum biyu suka taho da gudu, ya daka musu tsawar da ta tsayar da su. Glenys ce ta sa masa sandar a hannu, ya miƙe da kansa, cikin sauƙin da ya fi faɗuwar ciwo.

Rocco ya ce akwai masu iya zama a gefenta in tana so. Merv bai ko dube shi ba. Matarsa yake kallo, yana jira ta kwance hular ta ce su tafi gida. Ai saboda shi aka zo.

Glenys ta ja igiyar hular ta ƙara matse ta a haɓa.

"Ba na bukatar kowa, Rocco. Ni kaɗai zan shiga."

Da Rocco ya matsa, Merv ya rage murya ya ce, "Kin sani. Tun ranar tamfol kin sani."

"Na gan ta. Na ce ko Rocco zai kau da kai."

"Rocco? Ni na koyar da shi!"

"Shi ya sa ban faɗa maka ba. Da na faɗa, da ka ce a bar zancen gaba ɗaya, ni kuma ba zan bari ba." Ta goge masa ƙasar gwiwa da tafin hannu. "Na so ka zauna kusa da ni, Merv, har raina. Amma ba don kai na shiga ba. Tun ina da baƙin gashi nake son shiga filin nan. Ba ka taɓa tambayata ba."

Ta shiga motarta ta bi layi. Har sigina ta kunna.

Merv ya ja ƙafa zuwa gindin itacen, ya tsaya kusa da safaya da jak da laima. Babu kujera a wurin. Can sai ga Noelene, abokiyar aikin Glenys a rumfar abinci, ta fito tana share hannu a gaban riga.

"Merv, zo ka zauna a inuwa. Matarka ta gudu ta bar ni da albasa buhu guda. Hannu ɗaya ya isa juya soseji, kar ka ce min komai."

Da yana da inda zai je da bai bi ta ba. Ta zaunar da shi a kujerar Glenys, ta danƙa masa abin juya nama. Ya ji an kira lambar matarsa a lasifika, ya ɗaga kai don ya duba.

Tankin ruwa ya gani, da bangon kwano na ɗakin ajiya. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Ko taya ɗaya ta hanyar ba a hangowa daga nan, balle kwanar dam. Shi ya zaɓi inda za a kafa rumfar nan tun farko, don ƙura kada ta shiga abinci.

"Noelene, ta ina kuke kallo?"

"Kallon me? Mu ai ji muke yi. Juya wancan, zai ƙone."

Sai ya saurara. Ya ji Korolar ta tashi, ya ji giya ta biyu, ya ji an saki totur daidai inda ya kamata, an sake takawa da wuri fiye da yadda shi zai yarda ta taka. Ƙura ta taso ta saman tankin. Can mutane suka ɗauki ihu da tafi, bai san na mene ne ba. Hayaƙin albasa ya cika masa ido, ya bar shi ya cika.

Ba a jima ba ta taho, hular kwano a hammata, gashinta fari ya koma ja da ƙura.

"Merv! Ka ga yadda na sha kwanar dam ɗin nan?"

Ya dubi tankin, ya dube ta. Ya ajiye abin juya naman ya laluba butar shayi.

"Na gani," in ji shi.