Fitilar Maɗaci

Ina tsakiyar tace waken awara Fadila, matar maƙwabcina Kalilu, ta faɗo gidana ta ƙofar tsakani, ko sallama babu.

"Yaya Adawiyya, don Allah ki zo ki yi wa Baban Khairat magana. Ya tashi, ya tayar da inji."

Ba sai ta faɗa ba, na riga na ji. Shekara da shekaru ƙarar injin nan ce ke hana ni barcin rana, na sha tsine masa a zuciyata. Amma tun da aka sallamo Kalilu daga asibiti, aka ce hantar ta gama lalacewa, a je gida a yi ta addu'a, sai shirun ya fi ƙarar damuna.

Na same shi a zaure a kan kujera 'yar tsuguno, don tsayuwa ta gagare shi. Ciki ya kumbura kamar tulu, idanu sun yi ruwan ɗorawa. Guntun icen maɗaci na juyawa a bakin injin da yake murza ƙafafun gado da shi, yana kanga masa kurfin sassaƙa, jan garin katako na zubo masa a hannu.

"Kalilu, kashe kanka za ka yi?"

Ya kashe injin, ya daɗe yana mayar da numfashi. "Yaya, mai kashe ni ai ya riga ya shigo gida. Wuyan kawai ya rage mini."

"Wuyan me?"

"Fitilar Inna. Kin san ta faɗi a bakin ɗaki da damina, tana laluben tocila. Wannan gindinta nauyi gare shi, ko ta yi tuntuɓe da ita ba za ta kife ba. Ga zobba na yi mata a jiki, in ta bi su da yatsa za ta iske makunni. Da hasken rana ake yi mata caji, babu ruwanta da a kawo wuta ko a ɗauke."

Na zauna na riƙe masa samfefa.

Inna Haulatu ita ta haifi Kalilu, shi ne ɗanta na fari. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarsa a Dutsi, kamar yadda mutanen da suke yi. Tun daga ranar bakinta bai taɓa kiran sunansa ba. Da mijinta ya rasu Kalilu ya ɗauko ta, ya gina mata ɗaki a gidansa, amma har gobe shi ne "wancan" ko "mai gidan nan". In ya durƙusa gaisuwa, bango take amsa wa. Ni ma na yi wa ɗan farina kunya, ba na musu, amma tawa ta ƙare ran da ƙyanda ta kwantar da shi. Ta Inna kuwa ciwon ajali bai motsa ta ba. Ko sau ɗaya ba ta leƙa ɗakinsa ba, kuma abin yana ci mini rai.

Da ya gama, ya shafe fitilar da man kaɗanya, ya ɗaura mata ƙwai, sannan muka kama shi ni da Fadila muka mayar da shi shimfiɗa.

"Yaya, ke za ki kai mata. In ni ne ba za ta duba ba." Ya riƙo bakin mayafina. "Ki ce ta shigo. Ba sai ta daɗe ba. Ina so in ji yadda sunan nan yake a bakinta, shi ke nan."

Na tarar da ita a kan tabarma tana jan carbi. Na dire fitilar a gabanta.

"Inna, ga shi, in ji Kalilu."

Ta kawar da kai. "Ajiye can."

"Da ciwon nan ya zauna ya yi miki ita. Kuma ya ce ki shigo ki gan shi."

"Ai ina jin tarinsa daga nan."

"Inna, tafiya zai yi fa. Ɗanki ne!"

"Ke Adawiyya, ki kiyaye ni." Ta juyo ta dube ni. "Kina ganin ban sani ba? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Sai da furfura zan fara rashin ta-ido a gaban suruka?"

Na fito ina huci. Da ba tsohuwa ba ce, da na faɗa mata wadda ba za ta manta ba.

Washegari da la'asar jikin ya rikice. Fadila na shafa masa ruwa a leɓe, ina tofa masa abin da na iya, sai muka ji jan ƙafa a tsakar gida. Inna ce. Ta zo har bakin ƙofa, ta dafa bango, sannan ta zauna a dokin ƙofar ta ba ɗakin baya. Labule ne kaɗai a tsakaninsu.

"Adawiyya," in ji ta.

"Na'am, Inna. Shigo mana."

"Ki ce wa mai ɗakin nan abin ya yi kyau. Ki ce bai taɓa yi mini komai ba. In ma ya yi, na yafe duniya da lahira."

Kalilu ya buɗe ido. Bai dube ni ba, labulen yake kallo, yana jira. Mu ma muka jira. Na ga kafaɗarta ta motsa ta cikin labulen, na ji ta ja numfashi kamar mai shirin magana, har na ce a raina ga shi nan tafe. Sai ta yi gyaran murya, ta ci gaba da jan carbi.

"Na ji, Inna," ya ce. "Na gode."

Bai sake cewa komai ba sai kalmar shahada da Fadila ke laƙƙana masa. Kafin magariba ya cika. Da aka fito da makara Inna ba ta yi hawaye ba, mata suna ta yaba mata dauriya. Ni dai na kasa kallonta don haushi da tausayi.

Ranar sadakar uku ɗakinta ya cika da masu gaisuwa. Wata 'yar'uwarsu da ta zo daga Mashi ta hango fitilar a gefen tabarma, ta kai hannu.

"Kai, wannan kyau! Haulatu, a ina aka sayo miki?"

Inna ta riga ta ɗauka. Ta ɗora ta a cinya.

"Ba saye ba ne," ta ce. Leɓenta ya yi ta motsi. "Kalilu ne ya yi mini. Kalilu."

Fadila ta toshe baki ta fice da gudu. Inna ta bi zobban da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ta iske makunnin, ta danna. Rana tsaka ce, hasken ko tabarma bai kai ba, amma ta bar ta a kunne.